Shin Dukan Isra'ilawan Dā Allah Ɗaya Suka Bauta Wa?

An daɗe ana ɗauka cewa tun daga zamanin Annabi Musa, Bani Isra'ila gaba ɗayansu Allah ɗaya suke bauta wa, bautar rana kuwa ta maƙwabtansu ce kawai. Littattafansu da kansu sun ƙaryata wannan.

A 2 Sarakuna 23:11 an ce Sarki Yosiya, wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawar da dawakan da sarakunan Yahuza suka keɓe wa rana a ƙofar Haikalin Urushalima, ya kuma ƙone karusan rana. A lura, a bakin Haikali ne, ba wani ƙauyen bayan gari ba. Ezekiyel 8:16 ma ya ambaci mutum wajen 25 da suka juya wa Haikali baya, suka fuskanci gabas suna yi wa rana sujada. Shi kansa sunan garin Bet-shemesh ma'anarsa gidan rana.

Tonon ƙasa ya ƙara tabbatar da haka. A Kuntillet Ajrud, cikin Sinai, an samu rubutu na wajen shekara ta 800 kafin haihuwar Annabi Isa mai ambaton Yahweh, wato sunan da Bani Isra'ila suke kiran Allah da shi, tare da Ashera, wadda masana da yawa suke ɗauka allahiya ce.

Tushen kuskuren shi ne haɗa doka da aikin jama'a. Attaura ta hana, annabawa sun tsawata, amma mutane da yawa ba su bari ba. Sai dai a yi hattara: hatimin Sarki Hezekiya yana ɗauke da hoton rana mai fikafikai, kuma wannan kaɗai bai isa hujjar bauta ba, domin tambarin sarauta ne da ya bazu a yankin.