Me ake nufi da ceto ta wurin alheri?

Duk mai zuwa sujada ranar Lahadi ya sha jin fasto yana cewa ta wurin alheri aka cece mu. Maganar ta zama jiki, har mutum kan amsa da amin bai auna nauyinta ba.

Abin nufi shi ne Allah yana karɓar mai zunubi saboda abin da Yesu Almasihu ya yi a kan gicciye, ba don mutumin ya cancanta ba. Manzo Bulus ya faɗa a Afisawa 2:8-9 cewa ceto kyautar Allah ne, ta bangaskiya ake karɓarsa, domin kada wani ya yi fahariya. Misalin Yesu a Matiyu 20 ya fito da abin fili. Mai gonar inabi ya ɗauki 'yan ƙwadago da sassafe a kan dinari guda, ya ƙara ɗaukar wasu saura awa ɗaya a tashi, da yamma kuma ya biya kowa dinari guda. Waɗanda suka wuni a rana suka yi gunaguni, kuma a lissafin kasuwa da gaskiyarsu. Mai gona ya ce bai tauye hakkin kowa ba, dukiyarsa ce ya ga dama ya kyauta.

An sha rigima a kan wannan koyarwa. Pelagius, wani malamin Kirista na zamanin da, ya ce ɗan Adam yana iya bin dokar Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi adawa da shi, taron bishop-bishop a birnin Carthage a shekarar 418 kuma ya yi tir da ra'ayin Pelagius. A 1517 Martin Luther, wani limamin coci, ya tayar da ƙura a Jamus kan sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi. Sai a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da 'yan Luther suka sa hannu a takarda guda cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓar mutum. Ayyukan kirki suna nan, Yaƙub 2:17 ma ya kira bangaskiya marar aiki matacciya, sai dai bayan ceto suke zuwa.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe yau shi ne batun warkarwa. Mace ta kai ɗanta marar lafiya wajen addu'a, a ce sai ta sayi kwalbar man shafewa ko ta shuka iri, wato ta ba da baikon kuɗi kaza. In yaro bai warke ba, a ce bangaskiyarta ce ta gaza. Ta koma gida da cuta, da bashi, da zargin kai. A ganina wannan ciniki ne, cinikin da Luther ya yaƙa. Annabi Elisha ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan ya warke daga kuturta, Gehazi baran Elisha da ya bi Na'aman ya karɓa kuwa kuturtar ta koma kansa. Manzo Bitrus ma ya tsawata wa Siman mai sihiri da ya miƙa kuɗi yana son sayen baiwar Ruhu Mai Tsarki.

Kuma ba kullum alheri ke zuwa da waraka ba. Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙaya a jikinsa, aka amsa masa cewa alherin ya ishe shi, ƙayar kuwa ba a cire ba.