Bas mai rufin ɗagawa

Bas mai rufin ɗagawa ƙaramar motar fasinja ce da aka cire wa kujerun baya, aka yanke rufinta aka sa wani da ake turawa sama in an yada zango, domin mutum ya miƙe tsaye a ciki, ya yi girki, ya kwana.

Tarihi

A Jamus abin ya yi ƙarfi. A 1950 kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ƙaramar bas ɗinsa, wadda aka fi sani da Kombi, a garin Wolfsburg. Wajen 1951 kamfanin Westfalia ya soma sa mata kabad da wurin kwanciya, waɗanda mai mota zai iya fiddawa in ya dawo gida. Rufin ɗagawa daga baya ya zo, bai kuma yaɗu sosai ba sai cikin shekarun 1960. A Ingila, rufin motocin zango samfurin Dormobile ta gefe yake buɗewa, kamar murfin akwati. An ci gaba da ƙera Kombi a Brazil har 2013. A Najeriya kuwa haya ta fi yi, ita ce danfo ta Legas a da.

Yadda ake juyawa

Yankan rufi shi ne wuri mai haɗari, don ƙarafan da ke gicciye a sama su ke riƙe jikin motar. Tilas mai walda ya kewaye bakin ramin da firam mai ƙarfi, in ba haka ba jiki ya saki, ƙofofi su daina rufuwa daidai. Sannan a ɗora murfi mara nauyi, a haɗa shi da tamfol, a sa sandunan gas irin masu riƙe but ɗin mota. An saɓa kan faiba ko alminiyam wanne ya fi dacewa da yin murfin.

A Sakkwato

Irin wannan mota ba ta yawaita ba. Direban HiAce da dare ya riske shi a tashar Illela tabarma yake shimfiɗawa gefen taya. Sai dai tsarin ya dace da ƙasar: a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ɗaga rufi kuwa na fidda hucin da ya taru a sama. Tagogin tamfol ɗin na buƙatar raga saboda sauro, da zif mai rufuwa ruf don ƙurar hunturu. Rana tana cin tamfol da robar bakin murfi da sauri, gara a duba su kafin damina ta faɗi.