Dokar Turai da ta shiga har teburin masu zana waya

Tun ranar 20 ga Yunin 2025 kusan duk wayar hannu ko tablet ɗin da za a shigar kasuwar Tarayyar Turai sai ta cika wasu sharuɗɗa, in ba ta cika ba kuwa babu ita babu kasuwar, ko Apple ne ya yi ta ko Samsung ko Xiaomi. Lambar dokar 2023/1670, tun 2023 aka amince da ita amma aka ba kamfanoni wata 21 su shirya. Wani zai ce ai wannan lokacin ya yi yawa, to ba yawa ba ne in ka san yadda ake yin waya. Kafin ka ga waya a kwali an daɗe da gama yanke hukunci a kanta, injiniyoyi sun zana ta, an yi samfurin gwaji an farfasa an sake, an ƙera injinan da za su riƙa buga jikinta, an sa hannu da masu kawo batir da gilashi, an tsara layin haɗawa a masana'anta. Da zarar an kai nan to canza ko da abu ɗaya ne, misali a ce gam ɗin da aka manne batir da shi a mayar da shi noti, kuɗi ne masu yawa da ɓata lokaci. Shi ya sa dokar ba ta tsaya jiran waya ta fito ba, can wajen zane ta je ta tare su.

Mu fara da batir tunda shi ne ke fara mutuwa. Dole batir ɗin wayar zamani (smartphone) ko tablet ya jure zagayen caji 800 kuma bayan nan ya zama yana riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na farko. Zagaye ɗaya fa ba wai duk sanda ka jona caja ba ne, a'a, sai ka cinye cajin da ya kai cikar batir ɗin gaba ɗaya, ko da rabi yau rabi gobe ne. Mai cinye caji ɗaya kullum kenan ya samu shekara biyu da 'yan watanni. Wajen cire batir kuma zaɓi biyu aka ba kamfani, ko dai ya yi wayar yadda mai ita zai iya canzawa da kansa da kayan aiki na yau da kullum, ko kuma in yana so ya rufe ta ruf sai mai gyara kaɗai zai buɗe, to batir ɗin ya kai zagaye 1000 kuma wayar ta kai matakin IP67 na hana ruwa da ƙura. Kada ka yi tsammanin za a koma zamanin ɓalle murfin baya da farce dai, manyan wayoyi hanya ta biyun ce ta fi musu sauƙi tunda dama sun riga sun yi nisa a kanta. Akwai kuma gwajin faɗuwa, wayar da ba mai naɗewa ba sai ta faɗi sau 45 ba riga ba komai tana aiki, gilashin kuma ya jure karce.

Inda abin ya fi cizon kamfanoni shi ne kayan gyara. Batir, gilashi, kyamara, bakin caji, sifika, makirfo, madannai, murfin baya, dole a samu na canji har shekara 7, kuma lissafin ba daga ranar da aka fito da wayar yake farawa ba, daga ranar da aka daina shigar da samfurin kasuwa ne. Wato in an daina sayar da wata waya a 2027 to sai 2034 kamfanin zai huta da ita. Kuma ba a ce akwai a baki kawai ba, in an yi oda sai kaya su iso cikin kwanakin aiki 5 a shekara biyar ɗin farko, 10 a sauran biyun. Ka duba abin da wannan yake nufi ga kamfanin da ya saba watso samfuri barkatai duk shekara, kowanne da nasa gilashin da nasa batir ɗin, yanzu kowane samfuri ya zama kamar ɗan da ka haifa, ba ka isa ka ce ka gama da shi ranar suna ba. Ko ya tara kaya a sito na shekaru, ko ya riƙe kwangila da masana'antar da ke buga su, ko kuma ya yi wayo ya riƙa amfani da kaya iri ɗaya a wayoyi da yawa, wanda ni a ganina nan ɗin ne dokar take son tura su dama.

Sannan akwai wata dabara da aka daɗe ana kuka da ita, a ɗaure kowane ɓangare da lambarsa a manhaja yadda in mai gyara ya sa sabon gilashi ko batir sai wayar ta ƙi gane shi ko ta riƙa kawo gargaɗi. Dokar ta ce duk manhajar da ake buƙata dan kammala canjin dole a ba ƙwararrun masu gyara ba tare da nuna bambanci ba, ba sai shagon kamfanin kaɗai ba.

Maganar sabunta manhaja kuma ana yawan cewa shekara 5 ne bayan daina sayarwa, haka ne, amma fa rubutun dokar akwai wata "idan" a ciki, cewa ta yi idan kamfani yana fitar da sabuntawa to ya ba duk wayoyin samfurin kyauta tsawon wannan lokacin. Wannan kalmar ta jawo muhawara sosai dan wasu na ganin ƙofa ce aka bari a buɗe, kuma gaskiya da an so rufewa da an rufe.

Tare da ita aka fito da dokar sitika, 2023/1669, irin wacce ake gani jikin firij. Tana nuna cin wuta daga A zuwa G, awa nawa caji ɗaya ke kaiwa, zagaye nawa batir zai yi, jure faɗuwa da sauƙin gyara daga A zuwa E, ga kuma lambar QR da za ta kai ka rumbun bayanan kayayyaki na Tarayyar mai suna EPREL. Makin gyaran ana duba matakai nawa za a bi kafin a kai ga ɓangaren da ya lalace, da me aka ɗaure shi, wane irin kayan aiki ake buƙata. Abin da ba ya ciki shi ne farashi. An ce kamfani ya wallafa kuɗin kayan gyara a shafinsa, amma wannan dokar ba ta yanka masa iyaka ba, sai ka ga waya ta ci maki mai kyau alhali kuɗin gilashinta ya isa ya sa mutum ya haƙura ya sayi sabuwa. Faransa da ta fara nata makin gyaran a 2021 ta sa farashi cikin lissafi, nan kam ta fi su. Kuma kamfani ne da kansa yake gwaji ya rubuta sakamakon, hukumomin sa ido na kowace ƙasa cikin ƙasashe 27 na Tarayyar su ne za su biyo baya su bincika, to ƙarfin dokar yana wajen yadda suka tashi tsaye.

A takarda dokar ba ta wuce iyakar Tarayyar ba, sai dai kasuwa ce ta mutum kusan miliyan 450 kuma buɗe layin ƙira biyu tsada gare shi. An ga haka a dokar caja ta USB-C da ta fara aiki 28 ga Disambar 2024, Apple bai jira ba, tun iPhone 15 a 2023 ya sauya bakin caji kuma a duk duniya ya sauya. Amma wannan ya fi tasiri a jikin waya, alƙawarin kayan gyara da kwanakin kawowa kam kamfani zai iya tsayar da shi a inda doka ta tilasta masa kawai. Kwamfutocin laftof su ma wa'adinsu na USB-C 28 ga Afrilun 2026 ne, sannan babbar dokar 2024/1781 ta buɗe hanyar yi wa tufafi da kayan ɗaki da taya da ƙarfe irin waɗannan sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, har ta hana manyan kamfanoni lalata tufafi da takalman da suka yi kwantai daga 19 ga Yulin 2026.