Wace ƙasa zan tafi? Waiwaye kan yadda ƙofofin nan suke buɗewa suna rufewa

Duk matashin da ya yi karatu ya gama, ya kama aiki, ya ga shekaru na tafiya albashi bai kai shi ko'ina ba, na sama sun ƙi matsawa, ƙasar kanta kullum jiya i yau, in ya kai ga yanke shawarar ficewa tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce to wace ƙasa? Kanada ko Ingila ko Jamus ko Dubai. Kuma yawanci amsar da yake samu daga wanda ya riga shi tafiya take zuwa, shi kuwa wancan labarin shekarar da ya shiga yake ba shi, alhali dokar da ya shiga da ita wataƙila an riga an canza ta. Wannan abin yana damuna sosai, don mutane na sayar da kadara su ajiye aiki a kan labarin da ya riga ya tsufa. Shi ya sa nake so mu ɗan koma baya mu ga asalin wannan tsarin na ɗaukar ƙwararru, don in ka san yadda aka faro za ka fi gane abin da ya kamata ka duba.

A da can ba karatunka ake fara tambaya ba, daga ina ka fito ake tambaya. Amurka tun 1924 ta yi dokar da ke raba gurabe bisa asalin ƙasa, 'yan arewacin Turai su ke da kaso mai tsoka, mutanen Asiya kusan an rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Ostireliya kuwa a fili take cewa farar fata take so. Sai a 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta soke wancan rabon, ta koma duba dangi da sana'a. Shekara biyu bayan nan, 1967, Kanada ta fito da abin da yau kowa ke kwaikwaya, wato tsarin maki: shekarunka nawa, ina karatunka ya tsaya, kana jin Turanci ko Faransanci, ana neman sana'arka ko ba a nema. Ostireliya ta binne waccan manufar tata a 1973, daga baya ita ma ta koma lissafin maki. To daga nan ne fa likita ko injiniya ko malamin jami'a daga ko'ina a duniya ya fara samun damar ya zauna yana zaɓen ƙasa. Abin bai daɗe ba in ka duba.

Amma a daidai wancan lokacin akwai wani tsarin daban da ke tafiya, kuma shi ne nake so a fi lura da shi. Jamus ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu masana'antunta sun tashi ba hannun aiki, sai ta ƙulla yarjejeniya da Italiya a 1955, Sifaniya da Girka a 1960, Turkiyya a 1961, sai Maroko da Tunisiya da Yugoslabiya suka biyo. Mutane wajen miliyan 14 ne suka shiga a kan cewa baƙi ne, za su yi aiki su koma, kuma wajen miliyan 11 sun koma ɗin. A watan Nuwamban 1973 da rikicin man fetur ya taso gwamnati ta ce an daina ɗauka, dare ɗaya. Waɗanda suka zauna suka kawo iyali suka haifi yara, yaran nan suka girma ba su san wata ƙasa ba amma a takarda baƙi ne, sai a shekarar 2000 aka gyara doka yadda yaron da aka haifa a can zai iya zama ɗan ƙasa in iyayensa sun cika sharuɗɗa. Ka lissafa daga 1961 zuwa 2000, wani har ya tsufa ya rasu yana baƙo.

Man fetur ɗin da ya rufe ƙofar Jamus shi ya buɗe ta ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. Kuɗi suka shigo, aka fara neman injiniyoyi da malamai da likitoci da nas-nas daga Masar, Falasɗinu, Sudan, Indiya, Pakistan, Filifins. Albashi mai kauri, ba harajin albashi, amma zamanka a hannun kafilinka yake, wato wanda ya ɗauke ka aiki ya tsaya maka, ranar da kwantiragi ya ƙare ranar zamanka ya fara ƙarewa, ko da shekara talatin ka yi. Da Iraƙi ta mamaye Kuwait a 1990 siyasa ta juya, Saudiyya ta sallami 'yan Yaman ɗaruruwan dubbai, Falasɗinawan Kuwait da su ne malamai da akawu da injiniyoyin ƙasar mafi yawansu suka fice ba su dawo ba. Ba laifin da kowannensu ya yi a wajen aikinsa. Daga baya an yi gyare-gyare kam, Daular Larabawa ta kawo bizar zinare ta shekara goma a 2019, Katar ta sassauta dokar canza wurin aiki a 2020, amma har gobe zama ɗan ƙasa a yankin abu ne da ba a ba kowa.

Kenan tun asali ƙasashen nan iri biyu ne. Akwai mai ɗaukarka da niyyar ka zauna ka zama nata, akwai mai hayar ƙwarewarka na wani lokaci. Ni a ganina wannan ya fi girman albashi muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma shi ne abin da mai zafin zuciyar ficewa ya fi saurin tsallakewa, don lokacin da ranka ya ɓaci da ƙasarka kowace ƙofa da ta buɗe kyau take maka.

Amurka ta haɗa biyun ta dagula su. Dokar 1990 ita ta kawo bizar H-1B ta ƙwararru da kuma cacar biza ta mutum 55,000 a shekara, wadda ƙasashen da suka riga suka tura mutane da yawa irin su Indiya da Pakistan da Najeriya yanzu ba sa ciki. H-1B gurbi 65,000 ne, da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in can, masu nema sun ninka haka sau da yawa har sai an yi ƙuri'a. Kuma bizar a jikin kamfani take rataye. Ka ɗauki injiniyan kwamfuta da ya yi shekara takwas a can, yana biyan bashin gida, yaransa biyu suna makaranta, ranar wata Talata da safe ya buɗe kwamfutar ofis ta ƙi karɓar lambar sirrinsa, sai saƙon sallama ya shigo wayarsa. Daga wannan ranar kwana 60 gare shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauke shi ya shigar masa da takardu ko ya tattara iyali ya fita. Haka ta faru da dubban mutane a ƙarshen 2022 da farkon 2023 lokacin da Meta da Amazon da Google suka rage ma'aikata. Ga kuma dokar da ta ce babu ƙasar da za ta wuce kashi 7 cikin ɗari na katin zaman dindindin, wadda ta sa 'yan Indiya ke jiran layi na gomman shekaru. A Satumban 2025 kuma Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabbin takardun H-1B na waɗanda za a kawo daga waje.

Ita ma guguwar ficewar matasa ba ta wani yanki ɗaya ba ce fa. Bayan rushewar tattalin arziki na 2008 matasan Girka da Sifaniya da Ayalan masu digiri sun yi ta kwarara Jamus da Ingila da Ostireliya, 'yan Fotugal har Angola da Mozambik suka riƙa tafiya neman aiki. Lebanon bayan 2019 likitocinta suka watse, Rasha a 2022 masu aikin kwamfuta suka cika Jojiya da Armeniya da Sabiya. Kowa da nasa ciwon, amma tambayar ɗaya ce.

Kanada ita ce ta daɗe tana riƙe da kambun ƙasar da kowa ke so, musamman bayan ta kawo Express Entry a Janairun 2015, ka cike fom a intanet a ba ka maki, in ka kai makin da aka yanke a gayyace ka kai tsaye zuwa zaman dindindin tun kafin ka taka ƙasar. Wanda ya taɓa zama da dare yana lissafin makin nan ya san yadda yake cin rai: cikakken makin shekaru na 'yan 20 zuwa 29 ne, ranar da ka cika 30 ya fara zubewa, duk shekara ana rage maka, a 45 ya zama sifili, kai kuma kana ta sake rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS don ka cike gurbin da shekaru suka ci. Sannan maki shi zai shigar da kai ƙasar amma ba shi zai ba ka lasisin aiki ba, wannan a hannun hukumomin sana'a na kowane lardi yake, shi ya sa za ka samu likita da gogewar shekara goma yana aikin sito ko tuƙin tasi yana jiran jarrabawa da gurbin horo. Duk da haka mutane suka yi ta tafiya, har gidajen haya suka yi tsada jama'ar ƙasar suka fara ƙorafi. Janairun 2024 aka sa iyaka ga bizar ɗalibai, Oktoba kuma aka rage adadin masu zaman dindindin na 2025 daga 500,000 da aka tsara zuwa 395,000. Ɗaliban da suka ci bashi suka je da tunanin karatu ne matakin farko, da yawa takardar aikinsu ta ƙare ba su kai makin ba.

Jamus yanzu ita ce ke kira, don al'ummarta na tsufa. Ta fara aiki da dokar shigo da ƙwararru a Maris 2020, a Yunin 2024 ta kawo katin dama da ke ba ka shekara ɗaya ka je neman aiki, a watan nan dai ta rage jiran zama ɗan ƙasa daga shekara 8 zuwa 5 ta kuma yarda ka riƙe fasfonka na asali. Wallahi ci gaba ne babba in ka tuna Turkawan 1961. Sai dai Jamusanci ba ya koyuwa a wata uku, kuma nas ko likita sai an tantance satifiket ɗinsa an amince kafin ya taɓa mara lafiya, wanda ke ɗaukar watanni wani lokacin fiye da shekara.

Ingila ce ta fi nuna abin da nake faɗa ƙarara, don ita kamar famfo take yi da dokar, a buɗe a rufe a sake buɗewa. A 2002 ta kawo shirin manyan ƙwararru, 2008 ta koma tsarin maki. A 2012 lokacin Theresa May na ministar cikin gida aka soke damar zama aiki na shekara biyu bayan kammala jami'a, ɗalibai suka juya zuwa Kanada da Ostireliya. Da aka fita daga Tarayyar Turai ma'aikata suka yi ƙaranci, sai ga shi a Yulin 2021 an dawo da waccan damar, a Fabrairun 2022 aka buɗe biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya. Mutane suka taho da mata da miji da yara, ciki har da ma'aikatan banki da malaman makaranta da suka ajiye sana'arsu suka karɓi aikin kula da tsofaffi don kawai su samu shiga, wasu ma ejan ya karɓe musu maƙudan kuɗi a kan takardar ɗaukar nauyi, suka iso suka tarar ba aikin, ko aka soke lasisin kamfanin suka shiga neman wani mai ɗaukar nauyi cikin 'yan makonni.

Ba a yi shekara biyu cikakku ba aka fara janyewa. Janairun 2024 aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi, Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa 38,700. Gwamnati ta canza a Yulin 2024 daga 'yan Conservative zuwa Labour, wasu suka ɗauka za a sassauta, ina, a Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya.

Don haka in ni za a tambaya, kafin ka duba albashi ko sanyi ko hotunan da abokai ke sakawa a Instagram, ka fara tambayar wace irin takarda za ka riƙe ranar da ka sauka. Taka ce ko ta kamfani? In aka sallame ka kwana nawa gare ka? Matarka ko mijinki zai iya zuwa, zai iya aiki? Lasisin sana'arka wa ke bayarwa, wata nawa yake ɗauka, me za ka ci kafin nan? Shekara nawa kafin zaman dindindin, kuma in aka canza doka kana tsakiya wa za ta shafa? Ka karanta a shafin gwamnatin ƙasar da kanka ka duba kwanan watan da aka sabunta shi, kar ka tsaya a bakin ejan don shi a kan tafiyarka yake cin abinci.

Tambayar ƙarshen nan ba ta wasa ba ce. A Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fito da shawarar mayar da jiran zaman dindindin daga shekara 5 zuwa 10, daga baya kuma aka nuna ana so ya haɗa har da waɗanda suka riga suka shiga. Nas-nas da injiniyoyi da masu kula da tsofaffi da suka sauka a 2021 da 2022 duk da lissafin shekara biyar suka taho, a kansa suka tsara kuɗin sabunta biza da ake biya wa kowane mutum a gidan har yara, wasunsu saura musu watanni kaɗan su cike lokacin da maganar ta fito.