Bar Beach: ba jiya teku ya fara cin gaɓar Legas ba

Duk sanda ruwa ya hauro ya shiga gidajen mutane a gaɓar Legas sai musu ya ɓarke, wasu su ce cike tekun da ake yi ne, wasu su ce ai sauyin yanayi ne. Kowa da gaskiyarsa, amma wallahi abin ya girmi duk masu musun.

Na san kowa ya san Bar Beach, rairayin bakin teku na Victoria Island, a da wajen shan iska ran Lahadi, dawakan haya, masu fararen riguna suna addu'a a bakin ruwa, nan ne kuma aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a a shekarun 1970.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne katangun duwatsun nan na bakin mashigar jiragen ruwa. A da wani tudun yashi ne ya tokare mashigar, shi ake kira bar ɗin, daga nan ma sunan ya samo asali, manyan jirage ba sa iya wucewa sai dai su tsaya can waje a yi ta jidar kaya da ƙanana. Wajajen 1908 zuwa 1912 aka jibge duwatsu aka miƙa katangu cikin teku, gabas da yamma, hanya ta buɗe. Ciniki kam ya haɓaka, ba musu. To amma fa igiyar ruwan wannan gaɓa daga yamma take kwaso yashi tana kai shi gabas, haka take tun fil azal, da katanga ta tare hanya sai yashin ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, wato Lighthouse Beach, ita kuwa Bar Beach da ke gabas ruwa na ɗiba babu mai mayar mata. Ka tsaya a bakin ruwa ka ji yadda yashi ke zamewa ƙarƙashin ƙafarka in igiya ta koma, to haka, dare da rana, shekara da shekaru, har ƙasa fiye da kilomita guda ta tafi.

Tun ƙarshen shekarun 1950 aka riƙa zuba yashi ruwa na kwashewa, har ta kai yana mamaye titin Ahmadu Bello. A 2008 aka fara cike wurin don gina sabon birnin Eko Atlantic, rairayin da iyayenmu suka sani babu shi yanzu. Ni dai mutanen ƙauyukan masunta na gabas, irin su Okun Alfa, su nake ji, don yashin da ya kamata ya iso musu yana can maƙale bayan katanga sama da shekara 100.