Mece ce tiyuna, kuma me ya sa ba kowacce ke aiki da Linux ba?

Kowace rediyo da kowace talabijin suna da tiyuna a cikinsu, ko da mai su bai taɓa jin sunan ba. Sararin sama cike yake da sigina, na gidajen rediyo da na talabijin da na kamfanonin waya, kowanne a kan mitarsa. Eriya ba ta zaɓe, duk abin da ya faɗo mata kwashewa take yi. Tiyuna ce ke tsamo mita ɗaya daga cikin wannan tari ta bar sauran. Dattijon da ke murɗa kan rediyonsa da asuba yana laluben Sashen Hausa na BBC, tiyuna yake juyawa.

Kwamfuta ba ta zuwa da ita, sai dai a saya a jona. Wadda aka fi gani kamar filash take, ta ɗan fi shi kauri: kai ɗaya ya shiga ramin USB, ɗayan a ɗaura masa wayar eriya. Da ita kwamfutarka za ta kama tashoshi kai tsaye daga iska, ba ruwanka da data, har ka naɗi shiri ka kalla daga baya. Wannan ne ya ja ni gare ta, domin ina da tsohuwar kwamfuta mai Linux (tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows) da ba na so ta zauna a banza.

Idan ka ɓare ɗan akwatin, yawanci ƙananan IC uku za ka tarar, irin waɗanda masu gyaran waya ke ɗagawa da iska mai zafi. Na farko shi ne ainihin tiyunar, mai zaɓen mita. Na biyu, wanda ake kira dimodileta, shi ke warware siginar ya mai da ita bayanan dijital. Na uku gada ce tsakaninsu da USB. Wani lokaci a haɗe biyu daga ciki a IC guda. Sunan da aka buga a jikin kwali na ɗan kasuwa ne. Linux ba ta san shi ba, waɗannan IC ɗin kawai ta sani.

Kafin ma a zo ga Linux, akwai maganar tsarin watsa shirye-shirye, don duniya ba ta taru a kan ɗaya ba. Amurka na amfani da ATSC, Japan da Birazil na amfani da ISDB-T, Sin na da DTMB nata. Turai da galibin ƙasashen Afirka suna kan dangin DVB. Najeriya ta ɗauki DVB-T2, aka kuma fara sauyawa daga tsohon tsarin analog zuwa dijital a Jos a 2016, bayan wa'adin 17 ga Yuni, 2015 na ƙasa da ƙasa ya wuce. Don haka tiyunar da ɗan'uwa ya aiko maka daga Amurka, komai tsadarta, ba za ta ga komai ba a nan. Sai kuma tarkon da ya fi kama mutane: DVB-T da DVB-T2 ba ɗaya ba ne. Na biyun ya zo daga baya, kuma na'urar da ta san na farko kaɗai kurma ce a gabansa.

A nan na faɗa. Na sayi wata 'yar baƙa a wani shago, da 'yar eriya mai maganaɗisu a gindi da rimot da faifan CD a cikin kwalin. Na jona ta, Linux ta gane ta nan take, har na fara murna. Na sa manhajar Kaffeine ta yi bincike, ta zagaye mitocin UHF kaf, ta dawo ba tasha ko ɗaya. Na zargi eriya, na hau na ɗaura ta waje, shiru. Sai da na buɗe tamina, wato tagar rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta dmesg, umarnin da ke nuna rahoton Linux kan na'urorin da aka jona, na karanta a hankali, sannan na ga layin da ke cewa an yi rajistar Realtek RTL2832, kusa da shi an rubuta DVB-T. Babu 2 ɗin. Na'urar lafiyarta ƙalau, direbanta ma ƙalau, yaren da ake yi a sama ne ba ta ji.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke fassara tsakanin na'ura da kwamfuta. A Windows kamfanin ne ke ba ka shi, a CD ko a shafinsa. A Linux ba haka abin yake ba: direbobin suna cikin kanel, wato zuciyar tsarin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Idan akwai direban na'urarka a kanel ɗin da kake da shi, da ka jona ta tashi. Idan babu, CD ɗin da ke cikin kwali ba zai amfane ka da komai ba. Yawancin waɗannan direbobi 'yan sa-kai ne suka rubuta su, sau da yawa ba tare da kamfanin ya ba su takardun bayanin IC ɗin ba, kuma ina ganin sun cancanci godiya fiye da wadda suke samu. Ayyukansu na taruwa a ƙarƙashin shirin LinuxTV, wanda ke da jerin na'urorin da ke aiki da waɗanda ba sa yi, har da kanel ɗin da kowacce ta fara aiki a kansa.

To ta yaya za ka san abin da ke ciki ba tare da ka fasa ba? Jona ta, ka rubuta lsusb a tamina. Za ka ga lamba mai kashi biyu: kashin farko na kamfani, na biyu na samfurin. Irin tawa takan nuna 0bda:2838. Wannan lambar za ka bincika, ba sunan kwali ba. MyGica T230 da T230C, alal misali, kusan kamanninsu ɗaya, amma lambobinsu daban, kuma ba lokaci ɗaya direbobinsu suka shiga kanel ba. Ko lambar ma ba kullum take isa ba. Akwai wata mai araha da ake kira Astrometa, wadda aka yi ta fitarwa da lamba ɗaya, 15f4:0131, alhali an sauya dimodiletan cikinta daga Panasonic MN88472 zuwa MN88473, daga baya zuwa Sony CXD2837ER. Mutum biyu su sayi abu ɗaya a ido, na wannan ya yi aiki, na wancan ya ƙi sai da sabon kanel. Ita wannan ma ƙofa biyu take buɗewa, frontend0 da frontend1, kuma ta biyun ce ke jin DVB-T2. Wanda bai sani ba sai ya tsaya a ta farko ya ce ba ta aiki.

Akwai kuma famwaya. Wasu IC ɗin fanko suke zuwa, sai an loda musu ɗan fayil duk lokacin da aka kunna su, kamar dai fayil ɗin da mai filashin ke ɗora wa waya. Si2168 na kamfanin Silicon Labs, wanda ke cikin Hauppauge WinTV-dualHD ta Turai da wasu na MyGica, haka yake. Direban yana cikin kanel, amma fayil ɗin ba lalle ya zo tare da Linux ɗinka ba. Idan babu shi, dmesg zai faɗa maka sunansa harafi da harafi, misali dvb-demod-si2168-b40-01.fw. Ka nemo shi, ka ajiye a /lib/firmware, ka zare na'urar ka mayar. Alamar cewa kanel ya karɓe ta ita ce ka ga /dev/dvb/adapter0 ya bayyana. Daga nan sai Kaffeine ko VLC, ko Tvheadend ga mai son raba tashoshin zuwa wayoyin mutanen gida.

Kada dai a sa rai fiye da kima. Tashoshin kuɗi irin na GOtv da StarTimes a kulle suke zuwa: za ka iya ganin sunayensu a bincike, amma hoto sai da dikodarsu. Shi ya sa a Arewa, inda gidaje da yawa suka dogara da dish don kallon tashoshin kyauta irin su Arewa24, tiyunar DVB-S2 ta tauraron ɗan'adam na iya fi wa mutum amfani nesa ba kusa ba. Ita takan zo da cajarta daban, saboda ita ke tura wuta zuwa LNB ɗin da ke bakin dish, kuma ka'idar ba ta sauya ba: a duba lamba, a duba kanel, a duba famwaya.

Ni yanzu da kwamfutata nake zuwa shago. Na roƙi mai shago ya bari in jona, in rubuta lsusb da dmesg, in duba lambar a waya, minti biyar an gama. 'Yar baƙar nan kuwa ban yar ba. A 2012 aka bazu da sanin cewa IC ɗin RTL2832U, irin wanda ke cikinta, na iya miƙa wa kwamfuta ɗanyar sigina, abin da ake kira RTL-SDR. Da manhajar Gqrx nake sauraron tashoshin FM da ita, kuma idan na sa ta a mita 1090 MHz da manhajar dump1090, ina ganin lambobin jiragen saman da ke wucewa ta saman unguwarmu.