Mece ce walƙiyar gamma, kuma ta yaya ake gano inda ta fito?

Mai bibiyar labaran sararin samaniya yakan ci karo da sunaye irin su GRB 221009A ko GRB 170817A. Haruffa ukun farko taƙaitaccen sunan abin ne a Turance, lambobin kuwa kwanan wata ne: shekara, wata, rana. Wato 221009 na nufin 9 ga Oktoba 2022. Harafin A da ke ƙarshe yana nuna ita ce ta farko da aka gani ran nan, in wata ta biyo baya sai a sa mata B. Ana iya kiran abin fashewar hasken gamma, amma ni na fi son in ce walƙiyar gamma, domin abin da na'ura ke kamawa ke nan: haske ya ƙyasta, ya ɗauke, bai kuma sake dawowa a wannan wurin ba.

Haske iri-iri ne, kuma wanda idonmu ke gani ɗan tsaki ne a cikinsa. A ƙasa da shi akwai igiyoyin rediyo, a sama da shi akwai hasken eksire da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken gamma shi ne ƙololuwa, babu wanda ya kai shi ƙarfi. Walƙiyar gamma kuwa ita ce ɓarkewar irin wannan haske farat ɗaya daga wani lungu mai nisan gaske, wata ba ta kai ƙiftawar ido ba, wata ta yi 'yan mintoci. A cikin wannan ɗan lokaci tana iya fitar da ƙarfin da rana za ta fitar a tsawon rayuwarta gaba ɗaya, shekara wajen biliyan 10. Ana ganin kusan ɗaya a kowace rana.

Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken gamma kafin ya iso ƙasa. Rahama ce gare mu, amma ita ce ta sa dole a ɗora na'urar kama shi a kan tauraron ɗan Adam. Kuma ko an kai na'urar sama, wata matsalar na nan. Madubin hangen nesa na yau da kullum yana tattara haske ne da gilashi ko madubi ya haɗa hoto. Hasken gamma ba ya lanƙwasuwa haka, ratsa madubin yake yi ya wuce. Saboda haka na'ura tana iya cewa "wani abu ya haska ni", ta kasa cewa daga wane ɓangare. Tarihin wannan fanni kusan dukansa tarihin neman amsar "daga ina?" ne.

Ba da niyya aka gano ta ba. A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka sa hannu a yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya a cikin iska, da ƙarƙashin ruwa, da sararin samaniya. Amurka ta harba taurarin gadi da ta kira Vela don su sa ido kada a yi gwaji a ɓoye. Ranar 2 ga Yuli 1967 suka kama wani haske da bai yi kama da na bam ba. Masana a cibiyar Los Alamos suka yi ta tara irinsa, sai a 1973 Ray Klebesadel da Ian Strong da Roy Olson suka buga bayanin walƙiya 16, suka nuna cewa ba daga duniya take ba, ba kuma daga rana ba.

Dabarar da ta ba su damar faɗin haka tana nan har yau, kuma duk wanda ya taɓa ganin walƙiyar damina sannan ya jira tsawa ya san tushenta. Haske ma yana cin lokaci kafin ya iso, yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan taurarin ɗan Adam biyu suna nesa da juna, walƙiyar za ta riga isa ga ɗaya kafin ɗayan, kuma wannan tazarar lokaci tana zana wani zobe a sararin sama wanda tabbas mafarin hasken yana kansa. Tauraro na uku ya ba da wani zoben, zobban su haɗu a wurare biyu, ɗaya daga cikinsu ne wurin. Gwargwadon nisan da ke tsakanin na'urorin, gwargwadon sirantar zoben. Shi ya sa aka riƙa maƙala ƙananan na'urorin kama gamma a jikin kumbunan da aka tura wasu ayyuka dabam, irin su Ulysses da ya zagaya rana, da Mars Odyssey da ke zagaya duniyar Mas, da Wind mai ɗauke da na'urar Rasha da ake kira Konus tun 1994. Aibin dabarar shi ne jinkiri. Kafin bayanai su iso daga kumbon da ke can nesa a haɗa lissafi, an yi sa'o'i ko kwanaki.

Dabara ta biyu ita ce ta kumbon Compton da hukumar NASA ta harba a 1991. An dasa masa na'urori takwas a kusurwoyinsa, kowacce na fuskantar nata ɓangaren, aka kira su BATSE. Mai gidan ƙasa ya san cewa in hadari ya taso daga gabas, bangon gabas ne ke shan ruwa, na yamma ya tsira. To haka nan: na'urar da ta fi shan haske ita ce ke fuskantar mafarinsa, kuma in aka gwada rabon kowacce sai a yi kirdadon wurin. Kirdado ne mai faɗi, yakan kai digiri da yawa, alhali cikakken wata rabin digiri kawai yake ci a sama. A fili mai wannan girma akwai taurari da gungun taurari da ba su ƙirguwa.

Duk da haka BATSE ta yi aikin da ya girgiza masana. Kafin a sauke kumbon a shekarar 2000 ta kama walƙiya 2,704, kuma da aka zuba su a taswira sai aka ga sun bazu ko'ina daidai wa daida. Gungun taurarin da ranarmu ke ciki shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Da a cikinsa walƙiyar ke tashi, da an ga ta yi jerin gwano a kan layin faifan. Ba ta yi ba. Ta kuma nuna cewa walƙiyar kashi biyu ce, gajera da ba ta kai daƙiƙa biyu ba, da doguwa da ta haura haka. Amma gardama ba ta mutu ba. A 1995 aka yi muhawara a bainar jama'a a birnin Washinton, Bohdan Paczyński yana cewa daga can ƙuryar sararin samaniya take, Donald Lamb yana cewa a gefen gungunmu take. Babu wanda ya iya kayar da wani, domin har lokacin ba a taɓa ɗora yatsa a kan mafarin ko guda ɗaya ba.

Abin da ya raba gardamar shi ne garwashi. Masana sun yi hasashen cewa bayan harshen wutar gamma ya mutu, abin da aka watsar zai ci karo da iskar gas da ke kewaye, ya yi ta haskawa a hankali da hasken eksire, da hasken da ido ke gani, da igiyoyin rediyo, yana dusashewa cikin sa'o'i da kwanaki. Shi wannan garwashin madubi na iya tattara shi. Sharaɗin kawai a juyo da madubin kansa kafin ya huce. Tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan, wanda aka harba a 1996, shi ya fara cin wannan tsere. Ranar 28 ga Fabrairu 1997 ya kama walƙiya, bayan kamar sa'a takwas aka juya shi ya kalli wurin, sai ga ɗigon eksire yana dusashewa. Ba a cika kwana ɗaya ba madubin William Herschel da ke tsibirin La Palma ya ɗauki hoton ɗigon. A watan Mayu na shekarar aka sami wata, madubin Keck da ke Hawai ya auna haskenta, aka tabbatar ya yi biliyoyin shekaru yana tafe. Paczyński ne ke da gaskiya. Shekara 30 ke nan cif bayan abin da Vela ya gani.

Daga nan aka gane cewa sauri shi ne komai, aka ƙera tauraro musamman don haka. Swift, wanda aka harba ranar 20 ga Nuwamba 2004, sunan tsuntsun nan tsattsewa ya ci, saboda yadda yake juyi a sama. Dabararsa ta gano wuri ita ce ta fi burge ni a dukan labarin nan, domin da inuwa yake aiki. Ka tuna yadda rana ke ratsa asabari ko zana ta zuba zanen haske da inuwa a ƙasa, zanen kuma yana matsawa yayin da rana ke tafiya. Wanda ya san saƙar asabarin, in ya dubi inda zanen ya sauka, zai faɗi inda rana take ko bai leƙa waje ba. Swift yana da irin wannan asabari, wani faranti da aka manna wa ƙananan gutsattsarin dalma wajen 52,000 a warwatse, rabinsa a toshe rabinsa a buɗe. A ƙarƙashinsa, tazarar mita ɗaya, akwai ƙwayoyin kama haske 32,768. Dalma tana tare hasken gamma, sai inuwar farantin ta sauka a kan ƙwayoyin, kwamfutar da ke cikin tauraron ta lissafa daga wace kusurwa hasken ya zo. Cikin daƙiƙoƙi take rage filin nema zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗin wata. Sannan tauraron ya juya da kansa, ba tare da jiran umarni daga ƙasa ba, cikin ƙasa da minti biyu ya saita madubinsa na eksire da na hasken ido a kan wurin, su kuma su tsuke shi ya koma ɗigo. Ya riƙa yin haka sau wajen 100 a shekara. A 2018 aka ƙara masa sunan Neil Gehrels, masanin da ya jagoranci aikin har rasuwarsa.

Abokin aikinsa shi ne Fermi, na 2008, wanda ya gaji dabarar BATSE da na'urori 14. Yana ganin duk sararin da duniya ba ta kare masa ba, yana kama sama da 200 a shekara, sai dai kwatancensa na wuri mai faɗi ne. Ɗaya yana da faɗin gani, ɗaya yana da kaifin gani.

Da zarar ɗayansu ya kama wani abu, saƙo yana sauka ƙasa ya bazu ta wata hanyar sanarwa da ake kira GCN, wadda Scott Barthelmy ya assasa a farkon shekarun 1990. Akwai madubai a ƙasa da ba sa jiran mutum, saƙon na shigowa suke juyawa. Ta haka aka ɗauki hoton walƙiyar 19 ga Maris 2008, wadda haskenta ya kai a gan shi da ido tsirara na kamar rabin minti, bayan ya yi tafiyar shekara biliyan 7.5. Nahiyar Afirka ma tana cikin masu amsa wannan kira. Madubai na H.E.S.S. da ke tsaunukan Namibiya sun kama garwashin walƙiyar Yuli 2018 da ta Agusta 2019, ta hanyar ɗan shuɗin hasken da ke tashi idan gamma mafi ƙarfi ya daki iskar duniya.

Sanin wuri ne ya buɗe sanin dalili. Doguwar walƙiya, galibi, mutuwar ƙaton tauraro ce: cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa, wasu siraran igiyoyin wuta biyu su ɓullo ta saman tauraron da ƙasansa da gudun da ya kusa na haske. Sai wadda ta saito mu muke gani, wato da yawa suna wucewa ba mu sani ba. An tabbatar da haka a 1998 da 2003, lokacin da aka ga tarwatsewar tauraro ta bayyana daidai inda walƙiya ta tashi. Ta ranar 9 ga Oktoba 2022 irin wannan ce, kuma ba a taɓa auna mai haskenta ba. Ta cika na'urorin Fermi har suka kasa ƙirga, ta taɓa saman iskar duniya har aka auna canjin, kuma da Swift ya hango ta kusan sa'a ɗaya daga baya, an fara zaton wani abu ne a cikin gungunmu saboda tsabar haskenta. Ashe haske ne da ya yi kusan shekara biliyan biyu a hanya.

Gajerar ce ta daɗe tana wahalar da mutane, don garwashinta ba shi da ƙarfi kuma yana saurin mutuwa. An daɗe ana zaton karon taurarin niyutiron biyu ne, wato ragowar matattun taurari masu nauyin da ya fi na rana a dunƙule cikin faɗin da bai wuce na babban birni ba. Ranar 17 ga Agusta 2017 na'urorin LIGO da ke Amurka suka ji girgizar da irin wannan karo ke aikawa ta cikin sararin samaniya. Bayan daƙiƙa 1.7 Fermi da tauraron INTEGRAL na Turai suka kama wata gajerar walƙiya mai rauni. Kwatancen Fermi shi kaɗai ya yi faɗi da yawa. Tazarar lokaci tsakaninsa da INTEGRAL ta rage shi, bayanan LIGO da na takwararsa Virgo da ke Italiya kuwa suka tsuke filin ya koma kamar digiri 30 murabba'i, kuma an san kimanin nisan. Masana suka jera gungun taurarin da ke cikin wannan fili suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da dare ya yi a ƙasar Chile, kamar sa'a 11 bayan karon, wani ƙaramin madubi mai faɗin mita ɗaya da ake kira Swope ya ga sabon ɗigon haske a gefen gungun NGC 4993, tafiyar haske ta shekara miliyan 130 daga nan. A kwanakin da suka biyo baya ɗigon ya rikiɗe daga shuɗi zuwa ja, irin rikiɗar da aka yi hasashen za a gani idan ana ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinariya da farin ƙarfen filatinam, a cikin tarkacen karon.